Kaya sun yi araha a Sin: in tura ƙanena ya zauna a Guangzhou?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya rubuto cewa ya ji ana ta faɗin tattalin arzikin ƙasar Sin ya shiga matsala, kaya kuma sun sauko. Yana tunanin tura ƙanensa ya zauna a birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar ya riƙa saro masa kai tsaye daga masana'antu, ya huta da dillalai, kuma yana son jin ra'ayin wanda ke zaune a can.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ka ji yana da ƙamshin gaskiya, amma ba durƙushewa aka yi ba, domin alƙaluman gwamnati sun nuna tattalin arzikin ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari a 2024. Abin da ya faru shi ne mutanen ƙasar sun riƙe hannu. Yawancin dukiyar iyalai tana cikin gidaje ne, kuma tun da katafaren kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashinsa a 2021, har wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024, darajar gidaje ta yi ta sauka. Wanda ya ga gidansa na rage daraja ba ya gaggawar sayen sabuwar mota ko sabbin tufafi. Masana'antu kuwa ba su daina aiki ba, sai suka juya ga masu saye na waje, har rarar cinikin Sin da sauran duniya ta kusa kai dala tiriliyan 1 a 2024. Shi ya sa yau za ka ga mai masana'antar da a da ba ya kallon ƙaramin oda yana tarbar ɗan Kano da shayi.

A nan ne nake so ka yi hattara, domin araha ba ta ado. Masana'antar da gasa ta tilasta mata karya farashi takan rama a wani wuri: a rage nauyin yadin, a sa rini mai zuba, ko a tsuke faɗinsa kaɗan yadda ba za a gane ba sai tela ya ɗora almakashi. Wasu ƙananan kuma suna rufewa da kuɗin kafin alƙalami na mutane a hannunsu. Ka sani kuma da yawa daga cikin masu kiran kansu masana'anta a Guangzhou dillalai ne masu shago. Akwai babbar kasuwar yadi ta Zhongda a birnin, amma cibiyar yadi ta gaske tana Keqiao, a Shaoxing da ke lardin Zhejiang, nesa da inda kake son ya zauna.

Zaman birnin kansa ba shi da wahala ga mai takardu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana farawa daga yuan 2, abincin halal yana samuwa a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi taruwa, ga kuma tsohon masallacin Huaisheng. Tsabar kuɗi ta kusa ɓacewa, har mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ake biyansa. Tun 2023 ana iya haɗa katin banki na waje da manhajojin, sai dai a tabbatar katin yana aiki a ƙetare kafin a tashi. WhatsApp da Google da Facebook a toshe suke, don haka dukkanku ku buɗe WeChat, wadda da ita ake aika saƙo a can, tun daga gida.

Takardun ne babban dutse. Bizar kasuwanci ta ɗan lokaci ce, ba ta ba mutum izinin zama ko yin aiki. Wanda bai sauka a otal ba dole ya yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24, kuma wanda ya wuce wa'adinsa tararsa yuan 500 ce a kowace rana har zuwa yuan 10,000, ana kuma iya tsare shi a mayar da shi gida. Zama na dindindin yana buƙatar kamfani mai rajista ko izinin aiki, ga haya, ga haraji. Idan kayan da kake sarowa a shekara ba su kai su ɗauki wannan nauyi ba, ribar da ka ƙwato daga dillali za ta ƙare a kuɗin ɗaki.

Shawarata ita ce kada ya zauna tukuna. Ya je baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, ya saiti zango na uku inda ake baje yadi da tufafi, daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Keqiao ya ga injuna da idonsa. Ku fara da ƙaramin oda. A rubuta nauyin yadi da faɗinsa da tsawon kowane bandir a yarjejeniya, a ajiye samfuri da sa hannun ɓangarorin biyu, a biya kashi 30 cikin ɗari, ragowar sai an duba kaya kafin lodi. Kuɗin kuma ya shiga asusun da sunansa ya yi daidai da na lasisin kamfanin, ba asusun wani mutum ba.

Ka yi lissafinka har zuwa shagonka, da kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na mota daga Legas, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 canji kaɗai yana iya cinye rangwamen da aka yi maka. Masana'antu kuma suna rufewa na makonni a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, kuma kaya kan yi fiye da wata guda a teku, saboda haka odar kayan Sallah ta fita daga hannunka kafin Disamba.