Amsa ga ƙanena mai shirin intabiyun tuƙin jirgi

Ƙanena, ka ce wani kamfanin jiragen sama ya kira ka intabiyu a nan Abuja, kana tsoron in ka zaƙe a ce ba ka da ladabi, in ka yi sanyi kuma a ce ba ka iya ba.

Sanyin na fi ji maka tsoro. An tarbiyyantar da mu kan sunkuyar da kai gaban babba, ba a ja da shi. A gida wannan ado ne, amma a kujerar mataimakin direba yana halaka mutane. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, ranar 27 ga Maris 1977, jiragen KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko wancan jirgin ya bar titin, kyaftin ya ce ƙwarai, shi ke nan bai sake cewa uffan ba. Irin wannan hatsarin ne ya haifar da horon CRM da aka ba ka a makaranta, wato horon haɗin kai da fahimtar juna tsakanin ma'aikatan jirgi, kuma shi kyaftocin da ke bayan tebur za su lalube ka a kai.

Tambayar takan zo kamar haka: za ku sauka a Jos cikin ƙurar hunturu, kun kai tsayin da dole a ga titi, ba a gani, kyaftin sa'an mahaifinka ya ci gaba da sauka. Kada ka ce za ka ba shi shawara cikin ladabi. Faɗi ainihin abin da zai fito daga bakinka: "Kyaftin, ba a ganin titi, mu fasa sauka." Bai amsa ba, ka maimaita da ƙarfi. Ya ƙi, ka sanar cewa ka karɓi tuƙi, yadda littafin kamfani ya tanada. Ka dube su ido da ido kana faɗa. A na'urar gwajin tuƙi ma a riƙa jin muryarka, sun fi son mai magana a kan mai iya hannu da ya yi gum.

Kan abin da ya shafi kanka kuwa, ka sassauta. Awoyin tashinka suna rubuce a littafinka, za su buɗe, kada ka ƙara ko minti ɗaya. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi littafin da za ka duba. Kada ka katse mai tambaya.

Maganar albashi da shekarun da za su ɗaure ka in sun biya maka horon jirginsu, haƙƙinka ne ka tambaya. Ka bari sai sun ce ko kana da tambaya. Allah Ya ba da sa'a.