Likita, sanyin Ingila ne ya sa ni tari da nauyin zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Bradford da maigidana da yara biyu, ƙaramin yanzu yake rarrafe. Hunturuna na biyu ke nan a ƙasar nan, kuma bara ma haka aka yi: da an shiga Nuwamba sai zuciyata ta yi nauyi, in yi ta barci amma ba ya isata, in yi ta cin burodi da kayan zaƙi, wani lokaci in zauna in yi kuka ba gaira ba dalili. Goge-goge ne kawai ke ɗan ɗauke mini hankali, musamman da baƙar fumfuna ta fito a bangon banɗaki da bayan kwaba. A zauren WhatsApp na matan unguwa aka ce mu bar kayan wanki na kanti saboda sinadarai, mu koma ruwan khal da lemun tsami da bekin soda. Na koma, amma fumfunar ta ƙi fita, sai nake ɗiga Domestos kaɗan a cikin haɗin. Makon jiya ina goge banɗaki idona ya kama yaji, tari ya sarƙe ni, har yau ƙirjina bai saki ba. An kuma ce in sha wani ganye, St John's wort, wai yana maganin damuwa kuma ba shi da illa. Sanyi ne ke sa ni tarin nan? Me kuma ke damun zuciyata? Ina jin nauyin gaya wa mutanen gida, kada a ce na samu wuri ne. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Tarin nan ba na sanyi ba ne. Iskar kulorin kika shaƙa, a banɗakinki kuma aka haɗa ta. Idan akwai ragowar haɗin a roba, buɗe taga, fitar da yara, ki juye shi a magudanar wanka ki sakar masa ruwan sanyi sosai. Ƙirjin da ya yi mako bai saki ba kuwa sai likita ya saurare shi a cikin makon nan, domin shaƙar kulorin sau ɗaya tak na iya barin mutum da ciwo irin na asma na tsawon watanni. Idan numfashi ya fara fito, kira 111, layin neman shawarar lafiya na gaggawa. Idan ba kya iya ƙarasa magana sai kin tsaya kin ja numfashi, ko leɓe da dasashi suka yi toka-toka, 999 za a kira a turo motar asibiti, kada a jira maigida ya dawo daga aiki.

Zan daɗe a kan wannan haɗin, ki yi haƙuri, don na gaji da ganinsa. Bilic, ko Domestos ne a nan ko Hypo da Jik da muka saba da su a gida, abu ɗaya ne: haifokulorait ne a cikin ruwa, an sa masa sinadari mai kaifi irin na kanwa domin ya danne kulorin ɗin kada ya tashi. Duk abu mai tsami da ya faɗa ciki yana kwance wannan dannewa. Ruwan khal, kashi 5 cikin 100 nasa asid ne. Lemun tsami asid ne, tsamiya ma haka. Bilic ba ya tambayar wanne aka tsinko a bishiya, wanne aka dafa a masana'anta. Da kulorin ya tashi, duk inda ya samu laima a jiki, ido ko maƙogwaro ko hanyoyin huhu, nan take yake rikiɗa ya zama asid. Yajin da kika ji ke nan. Iskar da sojojin Jamus suka saki a Ypres ta ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915 ita ce wannan, yawa ne kawai ya bambanta. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne yaron: kulorin ya ninka iska nauyi kusan sau biyu da rabi, ƙasa yake kwanciya. Ke kina tsaye da buroshi, shi yana bakin ƙofa hancinsa dab da tayil, ga taga a rufe saboda sanyi.

Kada kuma ki ce ai kaɗan kike ɗigawa. A watan Nuwamban 2019, manajan wani gidan cin abinci a jihar Massachusetts ta Amurka ya rasa ransa saboda an zuba maganin goge ƙasa mai bilic a inda wani mai asid ya riga ya zube. Ba wanda ya yi niyyar haɗa komai. A farkon annobar korona, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa kiran da ake yi wa cibiyoyin guba saboda kayan wanki da na kashe ƙwayoyin cuta ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 daga Janairu zuwa Maris na 2020, idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata. A cikin misalan rahoton har da matar da ta haɗa bilic da khal da ruwan zafi a wurin wanke-wanke don ta wanke kayan miya, ta ƙare a asibiti.

Tushen duk wannan shi ne tunanin cewa abin da ya fito daga tsiro ko daga kicin ba ya cutarwa, wanda ya zo a robar kanti kuwa guba ne. Ban san yadda Bahaushe ya yarda da wannan magana ba. Zaƙami a bayan gari yake tsirowa, ba wanda ya ƙera shi, kuma kowa ya san abin da yake yi wa yaron da ya ci. Nonon tumfafiya ya shiga ido a gani. Da tsiro kakanninmu suke dafa dafin kibiya. Amma yau sai wata ta kafa waya a kicin, ta zuba abu huɗu biyar a bokiti, kumfa ya tashi, ta ce an huta da sinadarai, mata ɗari su tura wa mata dubu. Idan wata ta shaƙe, mai bidiyon ba ta zuwa dubiya. Robar kanti da ake zagi aƙalla an rubuta a bayanta kada a haɗa da wani abu, haɗin zaure kuwa ba gargaɗi ba ma'auni.

Ba khal kaɗai ba ne. Yawancin magungunan wanke masai da na cire farin dattin famfo, har da wasu nau'o'in Harpic, asid ne mai ƙarfi, haɗa su da bilic ya fi na khal muni. Maganin goge gilashi mai amoniya idan ya gamu da bilic wata iskar yake bayarwa, kuloramin, ita ma huhu take ci, shi ya sa ake zubar da fitsarin fo ɗin yaro a ɗauraye kafin a sa bilic. Ruwan zafi yana sa bilic ya yi tururi. Khal da bekin soda kuwa, wanda aka fi yayi, ba ya kisa amma aikin banza ne: ɗaya tsami ɗaya kaifi, suna kashe juna, kumfan da ke burge mutane iska ce kawai ke fita, abin da ya rage bai fi ruwan gishiri ba. Idan aka toshe shi a kwalba yana iya fashewa. Sannan don Allah kada a ajiye haɗin wanki a robar lemo ko ta ruwan sha. Likitocin yara a Najeriya sun sha ganin maƙoshin da sodar yin sabulu ta ƙone saboda an ajiye ta a irin wannan roba.

Ba cewa nake ki watsar da kayan kicin ba. Kowanne shi kaɗai yana da aikinsa. Sabulu da ruwan ɗumi sun isa yawancin aikin gida. Khal na narkar da farin da ke kama butar shayi, yana sa gilashi ƙyalli, amma yana cinye dutsen marmara. Bekin soda da ɗan ruwa yana kankare gindin tukunya kamar yadda iyayenmu suke yi da toka, yana kuma ɗauke warin firiji. Lemun tsami na kashe ƙarnin kifi a katakon yanka. Amma ranar da amai da gudawa irin na hunturu suka shigo gida, khal ba zai kashe ƙwayar ba. Nan bilic ake so: a wanke wurin da sabulu, a ɗauraye, sannan a goge da mililita 20 na bilic maras kauri a lita 1 ta ruwan sanyi, taga a buɗe.

Fumfuna kuwa, ko da me kika goge ta, za ta dawo muddin laima na nan. Tururin wanka, tukunyar da ke tafasa a buɗe, wankin da aka shanya a kan hita, duk ruwan nan a bango mai sanyi yake sauka. Rufe tukunya, kunna fankar banɗaki, buɗe taga na mintoci bayan wanka da girki, janye kwaba daga jikin bango, kuma a yi ƙoƙari ɗumin ɗaki kada ya gaza digiri 18. Idan haya kuke, ɗauki hoto ki rubuta wa mai gida, a rubuce ba a waya ba. Masu gida za su ce salon zamanku ne ya jawo. Haka aka ce wa iyayen Awaab Ishak, ɗan shekara 2 da ya rasu a Rochdale a Disamban 2020, daga baya mai binciken mutuwa ya tabbatar fumfuna ce sanadi. Dokar gyaran laima da fumfuna da aka sa wa sunansa ta fara aiki a Oktoban 2025 a kan gidajen haya na hukuma da na ƙungiyoyi a Ingila. Idan mai gidan ɗan kasuwa ne kuma ya yi kunnen uwar shegu, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma ake kai wa ƙara. Kuma kada a rufe warin laima da turaren wuta a ɗaki rufaffe: garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid marar wari, hayaƙin kuma ƙirjinki ba zai ɗauke shi yanzu ba.

Sai batun zuciya. Abin da kika zayyana, damuwar da ke zuwa da kaka ta tafi da bazara, yawan barci, kwaɗayin burodi da zaƙi, ya yi kama sosai da ciwon damuwa mai bin yanayi, wanda likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1984. Ƙarancin haske ne ke rikita agogon jiki. A Kano ko a tsakiyar hunturu rana na yin sama da awa 11. A Bradford ƙarshen Disamba da ƙyar take kai awa 7 da rabi, Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin awa huɗu, ƙarfe huɗu ba ta yi ba duhu ya rufe. Ƙara da nisan dangi da zaman ɗaka da goyo. Wannan ba samun wuri ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ki yi addu'a, ki kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ki fara gaya wa maigida, shi ne zai riƙe yara ranar ganin likita.

Tunda kina goyo, likita zai duba ko damuwar bayan haihuwa ce, zai kuma iya auna jini don ƙarancin jini da maƙoƙo da bitamin D. Ki faɗa masa batun goge-gogen, musamman idan kin kai ba kya iya bari ko da kin gaji. Na san wahalar layin wayar neman ganin likita na ƙarfe takwas na safe, abin takaici ne, amma ba shi kaɗai ne ƙofa ba: ma'aikaciyar lafiya da ke bibiyar jaririnki na iya tura ki, kuma a Ingila kina iya kai kanki shirin NHS Talking Therapies, wato maganin damuwa ta hanyar tattaunawa da ƙwararru, ta intanet ba sai da takardar likita ba. Idan magani ya kama, akwai waɗanda ake ba masu shayarwa. Idan tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, a ranar za ki faɗa, ta 111 ko 999, ko ƙungiyar Samaritans masu sauraron masu damuwa a 116 123 dare da rana.

Kafin nan, tura keken yaro ki fita da hantsi kullum ko na rabin awa ne. Hasken waje, ko da hadari ya rufe, ya ninka na falo sau da yawa. Fitilar magani mai ƙarfin haske luks 10,000, minti 30 da sassafe, tana taimakon wasu, amma a tambayi likita tukuna idan akwai ciwon ido. Bitamin D maikirogiram 10 a rana hukumar lafiya ta ce masu baƙar fata da masu rufe jiki su sha duk shekara. Ki sha don ƙashinki, kada ki ɗauka shi zai warkar da damuwa.

St John's wort kuwa kada ki soma. Magani ne sosai, shi ya sa yake faɗa da wasu magunguna. Yana sa hanta ta yi saurin narkar da ƙwayar tsarin iyali da ashanar da ake sa wa a hannu, har ciki ya shiga ba shiri. Yana rage ƙarfin warfarin, maganin hana jini daskarewa. Idan aka haɗa shi da magungunan damuwa irin su sertraline yana iya jawo zazzaɓi mai zafi da karkarwa da ruɗewa, kuma ba a ba mai shayarwa shawarar shan sa. Idan kin riga kin fara, tafi da kwalbar wajen likita ya ga abin da aka rubuta a jiki, kuma in kina kan ƙwaya ko ashana, ku ƙara wata kariyar har kwana 28 bayan kin daina.