Kafin ka shiga tekun Redcar, leƙa ɗakin Zetland

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, barka da samun gurbin karatu a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough a Ingila, Allah ya sa albarka. Ka ce an faɗa maka haya ta fi sauƙi a Redcar, wani gari na bakin teku da ke kusa, kana tambaya ko ka kama ɗaki can ka riƙa shigowa Middlesbrough. Sai kuma ka ƙara da cewa kai ɗan Yauri ne, ruwa ba baƙonka ba ne, da ka sauka da wankan teku za ka fara. Zancen haya ba wuya: jirgin ƙasa daga Redcar Central zuwa Middlesbrough bai kai minti 20 ba, ka haɗa kuɗin tikiti da na haya ka ga ko akwai riba. Zancen wankan ne ya sa na zauna rubuta maka.

A bakin tekun, kan titin Esplanade, akwai wani ƙaramin gidan tarihi, shiga kyauta, sai akwatin taimako a bakin ƙofa. Abin da ya cika ɗakin ƙasa jirgin ruwa ne na katako mai suna Zetland, tsawonsa kusan ƙafa 30. Babu jirgin ceto da ya rage a duniya da ya girme shi. Henry Greathead na garin South Shields ne ya ƙera shi a 1802, masuntan Redcar suka yi karo-karo, manyan yankin suka cika musu, aka biya fam 200. Ba inji, da filafilai ake tuƙa shi. Ranar da na fara zuwa, wani dattijo ɗan sa-kai ya zagaya da ni ya nuna mini cewa gaba da bayan jirgin iri ɗaya ne, don kada a tsaya juya shi a tsakiyar igiyar ruwa, nan ne ake kifewa. An kuma yi masa ɗauri da ɓawon wata bishiya mara nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi, ko ya sha ruwa ba ya nutsewa.

Gaɓar nan duwatsu ne kwance a ƙarƙashin ruwa, a zamanin da jiragen kwal ke kai da kawowa ba dare ba rana. In guguwa ta maka jirgi a kan dutse, yaro ne ke zaga gari da ganga, kamar mai shela a ƙauye, masunta su fito a ja Zetland zuwa ruwa. Shekara 78 yana wannan aiki, ya ceci rai sama da 500, mutum ɗaya tak aka rasa cikin matuƙansa: William Guy, ranar Kirsimeti ta 1836, igiyar ruwa ta ɗauke shi yana ƙoƙarin jefa igiya ga wani jirgin Denmak mai suna Caroline. A 1864 aka ce jirgin ya tsufa a farfasa shi, mutanen gari suka ce atafau. Ashe da sauran aikinsa, don a 1880 shi ya kwaso mutum 7 daga jirgin Luna.

To, masuntan da aka haifa a bakin wannan ruwa ke nan, suna tsoronsa har haka. Kogin Kwara daban, Tekun Arewa daban. Ni a watan Agusta, rana tsaka, na naɗe wando na shiga iya gwiwa, ban yi minti biyu ba yatsuna suka daina ji. Ruwan da ɗuminsa ya gaza digiri 15 yana ƙwace wa mutum numfashi da zarar ya faɗa, ya riƙa haki yana shaƙar ruwa, iya iyo ba ya hana wannan. Abin da ƙungiyar ceto ta RNLI ke koyarwa shi ne ka kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ka buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya daidaita. Ga kuma cikowar teku sau biyu a rana. Wurin da ka tsaya ɗaukar hoto a kan dutse, anjima ruwa ya zagaye shi. In dole sai ka yi wankan, ka bari sai lokacin zafi, tsakanin tutocin nan masu ja da rawaya inda masu gadi ke kallo. Ka ga wani cikin hatsari, kada ka bi shi, buga 999 ka nemi Coastguard, wato masu tsaron gaɓar teku.

RNLI ɗin nan tun 1824 take, da gudummawar jama'a take tafiya, yawancin matuƙanta 'yan sa-kai ne masu sana'arsu. Duk na ji labarin kifewar kwale-kwale a gida, abin nan ne ke tsaya mini a rai, amma wannan hira ce ta wata rana.

Gidan tarihin ba duk shekara yake buɗe ba, sukan rufe in hunturu ya kama, don haka makon da ka sauka a Satumba za mu je tare. Ka taho da rigar sanyi mai kauri. Kilishi kuwa bar shi a gida, za a karɓe a filin jirgi. A gaida su Inna.