Sai an hita waje kahin a iya rubutu? Amsata ga ƙanwarmu

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata na ga tambayarki tun shekaranjiya, kin ce kina son ki zama marubuciya amma ba ki taɓa wuce Ƙonni ba, kuma wani ya ce miki wanda bai hita ƙasar waje ba ba shi da abin rubutawa, shin gaskiya ne? Wallahi maganar ga ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ki amsa da tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ba gaskiya ba ne. Da tahiya ke maida mutum marubuci da Adar ta hi ko'ina marubuta cikin ƙasar ga, don wane gida ne a Tawa ko Keita ko Buza ko Illela da babu mai zuwa biɗa? Da an ƙare girbi sai ki ga tasha ta cika, wasu Abijan wasu Kumasi wasu Kwatano ko Legas, wasu su yi arewa Libiya da Aljeriya. Ni kaina na daɗe cikin wannan rayuwa, na yi talla a Abijan na zauna Kumasi, kuma mutanen da munka kwana ɗaki guda da su sun ga abubuwan da in an rubuta ba mai iya aje littahin sai ya kai ƙarshe, amma sai su dawo da atamfa da waya da kuɗin aure, labarin kuwa a ba da shi a fada wajen shayi, a yi dariya a yi salati, bayan shekara biyu shi kanshi mai labarin ya mance rabi. Abin ga na yi mini ciwo har yau.

Ban ce tahiya ba ta da amfani ba fa, tana da shi ƙwarai, amma ba inda mutane ke zato ba. Cikin watan Yuni ruwa na iya kwana shina zuba a Abijan ya kai har azahar, kwata ta cika tana kwarara, 'yan garin na tsaki don ya hana su hita. Mu kuwa 'yan Adar muna tsaye ƙarƙashin rumfar kwano a unguwar Ajame, kayan tallarmu ƙunshe cikin leda, ba mai ce ma wani ƙala, kowa lissahin gonarshi yake, ko an yi shuka a gida ko har yanzu ana duban gabas. Can sai wani ya ciro waya ya kira ƙauye, ko gaisuwa bai ƙare ba ya ce an samu ruwa? Duk munka yi tsit muna jiran amsa. Da dare na rubuta wannan cikin kaye na, wato littahin rubutuna, da na sake karantawa sai na ga ashe Tawa na rubuta ba Abijan ba. Abin da waje ya ba ni ke nan, ya buɗe mini ido bisa gidanmu, kuma ke da ke zaune cikin gidan kina iya samun idon nan in kin sa kanki.

Ki nemi labarin Dorugu. Yaro ne ɗan Dambanas kusa da Kance cikin Damagaram, anka kama shi bawa tun shina ƙarami, ya samu 'yanci a Barno, ya bi wani Bajamushe mai yawon bincike, Barth, har Tumbutu, sun ƙetare kogin Kwara a Say cikin 1853, daga baya sunka ratsa hamada zuwa Tarabulus, a 1855 ya isa Ingila. Can ne wani mai nazarin Hausa, Schön, ya zaunar da shi shina faɗi ana rubutawa, anka buga a 1885. Ki lura, fatake da alhazai nawa sunka yi tahiya mai nisa a zamanin nan ba mu san ko sunansu ba? Na Dorugu ya kawo gare mu don an samu mai haƙurin saurare da alƙalami a hannu. To wannan aikin ai kin hi Bature iya shi, harshenki ne, mutanenki ne, kin san abin da tsohuwa ke nuhi in ta yi shiru tsakiyar magana.

Zancen karatu kuwa ba makawa, duk abin da ya shigo hannunki ki karanta, littattahan Kano da ake saidawa kasuwa, na faransanci da kunka yi a lakwal, jarida, tarihin Adar da Farfesa Djibo Hamani ya rubuta wanda jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunanshi. Wanda ya yi miki daɗi ki sake karanta shi da bik a hannu, ki duba yadda mai shi ya shigo da mutum cikin labari, ina ya tsaya, mi ya ƙi faɗi. Kuma don Allah ki yi da Hausa, Hausarmu ta nan da munka da sunka, kar ki ji kunyarta, tun watan Maris na 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a Nijar kuma muna da ƙishin abin karantawa.

In kina rubutu ki guji cewa gari mai kyau ƙwarai ko ta sha wahala sosai, wannan kowa na iya faɗi. Ki faɗi nawa anka sayi tiyar hatsi ranar, wane zane ta ɗaura, mi ta ce da bakinta, kuma ki rubuta ranar da kinka ji shi kahin ki kwanta don gobe kalmominki ne za su maye nata. In kin ƙare ki karanta ma inna da ƙarhi, inda kinka ga hankalinta ya koma bisa tukunya ki soke wurin.

Kuma akwai gehen da mu maza ba mu iya kai gare shi, matan da ake bari gida. Wadda mijinta ya yi shekaru bai zo ba sai vokal a WhatsApp, wadda ke bin layi wajen karɓar kuɗin aike, wadda ta yi noma ta yi biki ta yi zaman makoki duk ita ɗaya. Ni ba za su buɗe mini ciki ba, ke za su buɗe miki. Ki fara da guda cikin unguwarku, ki nemi izininta ki sake mata suna, in kin rubuta shahi biyu ki turo nan, ni dai zan karanta in faɗa miki abin da na gani.