Tambayi Likita: Zuwa Grand Canyon da Iyali

Tambayoyin wannan makon sun taru kan ziyarar Grand Canyon, makeken kwazazzabon jihar Arizona ta Amurka, wanda aka mayar gandun shaƙatawa na ƙasa a 1919.

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 68, yana shan maganin hawan jini. Za mu iya tafiya da shi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Idan jininsa a daidaice yake, zai iya zuwa, amma ya fara ganin likitansa. Bakin kwazazzabon ta kudu, inda yawancin baƙi ke tsayawa, ya kai tsayin kusan mita 2,100 daga matakin teku. Iskar da ake shaƙa a can oksijin ɗinta bai kai na ƙasa ba, don haka ɗan tattaki sai haki, wani har da ciwon kai. Ranar farko ya huta. Idan maganinsa mai sa yawan fitsari ne, ruwan jikinsa zai riga naku ƙarewa, amma kada ya ajiye magani da kansa. Akwai motocin bas na kyauta da ke zagaya wuraren kallo, ya shiga abinsa. Ciwon ƙirji ko numfashin da bai dawo ba bayan hutu, ku kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka.

Tambaya: 'Ya'yana biyu, mai shekara 9 da mai 12, sun matsa mu sauka har Kogin Kolorado da ke can ƙasan kwazazzabon mu dawo a yini ɗaya. Ina ganin suna da ƙarfi.

Amsa: Malam, kada ka yarda. Hukumar gandun kanta tana gargaɗin manya majiya ƙarfi kan wannan, balle yara. Mai hawan dutse da wahala yake farawa, in ya gaji ya juyo gangare. A nan akasin haka ne. Da safe za ku gangara cikin sanyi, yara na tsalle suna rige-rige, ba wanda zai ji komai. Sai ƙafa ta mutu, gora ta yi sauƙi, sannan hawa ya fara, kuma yakan ci ninkin lokacin sauka. Daga baki zuwa kogi zurfin ya kai kusan kilomita ɗaya da rabi, kuma zafi ƙaruwa yake yi yayin da ake yin ƙasa: a watannin Yuni zuwa Agusta can ƙasa yakan haura digiri 40. Yaro kuma ba ya cewa ya galabaita. Sai dai ka ga ya yi shiru, ya fara tuntuɓe, ko ya ce cikinsa na tashi. Ku bi Bright Angel, hanyar ƙafa mai gangarawa daga bakin kudu, da sassafe, ku yi rabin awa ku juyo tun suna roƙon a ƙara gaba. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma a nemi inuwa. Wanda ya rikice, ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take.

Tambaya: Maigidana ya ce maganin zafi shi ne a yi ta ɗirkar ruwa. Haka ne?

Amsa: Hajiya, rabin gaskiya ya faɗa. Gumi da gishiri yake fita. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla bai ci komai ba, gishirin jininsa zai ragu, ya kama ciwon kai da amai da jiri, wani har ya suma. Abin takaicin shi ne alamun sun yi kama da na ƙishirwa, sai 'yan'uwa su ƙara ɗura masa ruwa. Ku sha idan kun ji ƙishi, ku riƙa haɗawa da abin ci mai gishiri. Busasshiyar iskar wurin tana shanye gumi tun bai jiƙa riga ba, kada hakan ya ruɗe ku.

Tambaya: Jaririyata watanta huɗu. In shafa mata man kariya daga rana?

Amsa: Ƙasa da wata shida inuwa da hula da tufa mara nauyi sun fi dacewa. Kada ki ba ta ruwa, ki ƙara yawan shayarwa, ke kuma ki sha. Idan ƙunzugunta ya daɗe bai jiƙe ba, ko ta yi laushi ta ƙi kama nono, ku nufi asibiti. Ita da ke, ku tsaya a sama.

Tambaya: Kurege ya ciji ɗana a yatsa yana ba shi abinci. Ɗan ciwon ƙarami ne.

Amsa: Kuregun wurin sun saba da mutane, cizonsu na cikin raunukan da dabbobi suka fi ji wa baƙi a gandun, kuma ciyar da su haramun ne a dokar wurin. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu sosai, a kai shi a duba, a tabbatar rigakafinsa na sandarewar jiki, wato tetanus, bai wuce lokaci ba. Idan yatsan ya kumbura ko zazzaɓi ya biyo baya, ku faɗa wa likita abin da ya cije shi da inda abin ya faru.