An ce za a yi wa bakwainina eko na kai, akwai matsala ne?

Tambaya: Salam lokotoro. Daga Damagaram nake, na haihu a wata 7, yaron kilo 1 da giram 300, yana cikin kwalba. Sun ce za a yi mishi eko na kai, kakarshi kuma ta ce kar a yarda a taɓa maɗigar jinjiri. Wani abu suka gani suke ɓoye min?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raya. Ki kwantar da hankalinki, duk bakwainin da ya zo kafin sati 32 ko bai kai kilo 1 da rabi ba ana so a yi mishi wannan hoton ko da lafiya lau yake tsotso.

Dalili shi ne jijiyoyin jinin da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwarsu ba su yi ƙwari ba, abu kaɗan sai su tsiyaye, yawanci cikin kwana 3 na farko, kuma sau da yawa yaro ba ya nuna alamar komai, shi ya sa ba ma jira. Irin wannan zubar jinin matakai 4 gare ta. Ta 1 da ta 2 galibi jiki ne ke shanye abinshi, ta 3 da ta 4 su ne muke sa wa ido sosai don ruwa na iya taruwa kai ya dinga girma.

Ita Hajiya ki lallaɓa ta, tsoronta na ƙauna ne. Man eko ake ɗan shafawa a maɗigar a ɗora kan na'urar a hankali, ba allura ba zafi, irin ekon da aka yi miki ne kina da ciki, ba hasken radiyo a ciki irin wanda ke cikin sikana. Maɗigar ce ma ƙofar da muke gani ta ita tunda ƙashi bai rufe ba.

Abin da ya fi damuna iyaye su ji hoton farko ya yi kyau sai su ɓace. Akwai raunin da sai bayan sati 4 zuwa 6 yake fitowa, don haka a maimaita, a sake kuma wajen lokacin da ya kamata a ce kin haihu. Ki tambaye su awon ido da na ji, kuma a dinga auna zagayen kanshi duk sati.

In kin ga maɗiga ta kumbura, ko jijjiga, ko numfashi na ɗaukewa, ko ya ƙi nono, don Allah kar a tsaya shafa mishi magani a ka, a kawo shi likita ko cikin dare ne.