Amsa kan bushin firam ɗin baya na Marsandi 230E

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce motarka tana buga "gum" a baya duk sanda ka saki kuloci, gindinta kuma na yawo a kwana, har makaniki ya ce a canza bushin firam ɗin baya, wato robobin da ke tsakanin firam ɗin da jikin mota. Da alama ya gano ciwon. An daina ƙera 230E tun 1992, in robar asali ce ta haura shekara 30, ga zafin Marwa, ga ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri a nan arewacin Kamaru.

Amma a duba tukuna. Firam ɗin nan shi ke ɗauke da difaransiyal (akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya) da hannuwan ƙarfe biyar-biyar masu riƙe kowace ƙafa, kuma bushi huɗu ne ke riƙe shi da jikin mota. A ɗaga ta, a sa ƙarfen cire taya tsakanin firam da bodi a danna. In ka ga robar ta rabu da ƙarfenta, ko ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, magana ta ƙare. A leƙa robar furofela da ta difaransiyal ma, su ma irin wannan ƙarar suke yi.

Wajen aikin ne nake roƙonka ka tsaya a kai. Na sha ganin yaran gareji sun kunna wuta don ƙone tsohuwar roba. Kada ka yarda, famfon mai da bututunsa suna nan kusa. Guduma ma tana lanƙwasa mazaunin bushin. Dogon noti mai zare da wasu faifan ƙarfe masu kauri sun isa su zaro tsohon su tura sabon. A yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, jak na tallafe da firam, ana sauke shi kaɗan-kaɗan, ido na kan tiyon birki kada ya ja. A lura da yadda tsohon ya fuskanta, sabon ma haka zai zauna. Ruwan sabulu ake shafa masa, giris da baƙin mai suna cin roba.

Masu yanka bushi daga tayar babbar mota suna da basira, amma ba a wannan wurin ba. Motar za ta yi tauri, ƙarar hanya ta cika ciki. Nemi bushin kamfanin Lemförder ko Febi, ka canza huɗun gaba ɗaya. In an kwance notocin hannuwa, a ɗaure su bayan nauyin mota ya hau ƙafafu, sannan ka kai ta a daidaita tayoyin baya. Allah ya sa a dace.